Hidimar Ƙarshen Shekara: A Sayar Da Zakara, A Bar Uwar Akuya

Na san da yawa daga cikinku da ƙyar za ku sami sukunin zama ku karanta wannan fili namu yau, domin mun shiga makonnin nan da mace ba ta da lokacin kanta. Wata tun asuba tana bakin murhu a gidan biki. Wata ta aika yaro wajen tela sau uku a kan ɗinkin da aka yi mata alkawari tun wancan mako. Wata kuwa tana ɗaka tana lissafi da yatsu, biki huɗu ga suna biyu, abin da ke ƙulle a bakin zanenta ko na ɗaya bai kai ba.

Na je Ƙauran Namoda gaishe da gwaggona, na yi mata kwana huɗu, kuma Kirsimeti a can ta same ni. Na so in wuce Shinkafi da Badarawa in ga sauran dangi, amma mutanen gida suka ce in haƙura saboda hanya. Allah da ikonsa sai ga su sun zo da kansu, domin ana aurar da jikar gwaggon. Abin da na gani a cikin kwanakin nan shi na kawo muku.

Kirsimeti dai ba sallarmu ba ce, kowa ya sani. Amma duk matar da ta ce babu ruwanta da ita, to, ba ta aika yaro kasuwa ba. Ku duba abubuwan da suke haɗuwa a wannan ɗan tsakani. Gwamnati tana ba da hutu ran 25 da 26 ga Disamba, ga kuma na 1 ga Janairu, saboda haka ma'aikatanmu da ke Gusau da Kaduna da Abuja a lokacin suke samun damar zuwa gida. Makarantun boko sun rufe, yara sun cika tsakar gida. An gama kaka, gero da dawa sun shiga rumbu, an sayar da wake da gyaɗa, maigida ya ga 'yan kuɗi a aljihu. Ashe kuwa duk wanda ke da ɗiyar da za a aurar, wannan lokaci zai sa wa rana, don a sami jama'a a kuma sami abin yi.

Bugu da ƙari, ga azumi yana matsowa. A 2024 an ɗauki azumi ran 11 ga Maris, a 2025 kuma ran 1 ga Maris, haka yake ja baya da kamar kwana goma sha ɗaya kowace shekara. Mu kuwa mun saba da rububin aure kafin azumi, kowane ango yana son amarya ta tare kafin a ga wata. Da can rububin bayan kaka daban, na gabanin azumi daban, mace takan sami 'yan watanni ta numfasa a tsakani. Yanzu sun kusa haɗewa su zama abu guda, daga Disamba har Sha'aban ba a sauke tukunya. Masu shekaru za su tuna irin wannan haɗuwa ta taɓa faruwa ta wata fuska, a 2006 da Babbar Sallah ta faɗo 'yan kwanaki bayan Kirsimeti, a 2007 kuma ta riga ta da 'yan kwanaki. Waɗanda suka sayi rago a shekarun nan ba su manta ba.

Mutanen Ƙaura sun daɗe da sanin Kirsimeti, kuma jirgin ƙasa ne ya kawo musu ita. A 1929 aka kawo layin dogo daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Gusau ya zo ya ƙare a Ƙaura, don kwasar gyaɗa da auduga. Da jirgin ne ma'aikatan reluwe suka zo, da akawuna, da 'yan kasuwa Yarbawa da Ibo, suka zauna suka hayayyafa. Bayan haka aka buɗe Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a garin a 1983, ta jawo malamai da ɗalibai daga kowane sashe na ƙasar nan. Gwaggona takan ce a zamanin ƙuruciyarta, da kukan jirgi da yawan masu ɗauke da akwatuna a tasha suke gane Kirsimeti ta gabato. Yau ba jirgi ake jira ba, amma alamar tana nan. Sai ki ga shagon da kika saba aikawa a sayo magani ko kayan keken ɗinki an garƙame shi da kwaɗo, mai shi ya tafi garinsu sai Janairu. Wadda ke da mara lafiya mai shan magani kullum, ta koyi saye da wuri.

Inda abin ya fi taɓa mu shi ne kasuwa. Ran Alhamis kasuwar Shinkafi take ci, kuma tun daga farkon Disamba fatake suke cika ta, suna sayen shanu da awaki da kaji da zabi, da albasa da wake, ana loda wa manyan motoci sai Ikko da Badun da Anaca da Fatakwal, inda jama'a ke shirin bikinsu. Haka abin yake a sauran kasuwannin yankin, har na ƙasar Zurmi. Mai saye da yawa, kaya kuwa iyakarsu ke nan, sai kuɗi ya hau. Mai zakaran sayarwa tana murna, mai neman kazar da za ta yanka wa baƙi tana salati. Sau da yawa ma mace ɗaya ce take yin duka biyun a mako guda.

To, ga labarin da ya sa na ɗauki alƙalami. Cikin waɗanda suka zo daga Badarawa akwai matar wani ƙanena, yarinya mai hankali da ladabi, 'ya'yanta uku. Ta shigo da ankonta sabo fil, ta durƙusa ta gaida gwaggo, ta kwance gudummawarta ta miƙa wa uwar amarya. Kuɗi ne masu kauri, har mata suka yi guɗa. Gwaggo ba ta ce komai ba sai da dare, bayan an watse, muna zaune mu uku a ɗakinta muna jin ɗumin garwashi.

Ta ce, "Ɗiyata, ina kika samo waɗannan kuɗi?"

Yarinya ta sunkuyar da kai ta ce, "Inna, akuyata na sa aka kai Shinkafi ran Alhamis. Ta yi kuɗi ƙwarai, dillali ya ce bai taɓa ganin an taya akuya haka ba."

"Wace akuyar? Jar nan mai haifar tagwaye?"

"Ita, Inna."

Gwaggo ta yi shiru har na zaci ta bar maganar. Can ta ce, "Da ciki ko babu?" Yarinya ta ce da ciki. Sai gwaggo ta ɗauki carbinta, ba ta ƙara tankawa ba, mu ma muka ja bakinmu.

Ni ban ga laifin yarinyar nan ita kaɗai ba, kuma ina roƙonku kada ku yi saurin ce mata sakarya. Lokacin sunan ɗanta na fari, uwar amaryar nan ta kai mata biki. Al'adarmu kuwa kun san ta, abin da aka kawo miki, ran da ya zagayo sai ki ninka. A ce ta kawo miki dubu biyu, ke ki mayar da huɗu, ita ta dawo da takwas, ke kuma sha shida. Kafin a je ko'ina abin ya fi ƙarfin kuɗin ƙuli-ƙuli da na kitso. Ga shi kuwa komai a rubuce yake, in babu littafi akwai tsohuwar da ba ta mantuwa, kuma a gaban jama'a ake faɗa. Wace mace ce za ta so a kira sunanta a tsakar gida a ce ta gaza? Yarinyar nan kunya ta saya, kuma ta biya da abu mafi daraja da ta mallaka.

Amma a tsaya a yi lissafin abin da ya fita daga hannunta. Akuya wata biyar take ɗaukar ciki. Jar akuyarmu ta ƙasar Sakkwato, wadda fatarta ta yi suna har ƙasashen Turai, in ta sami kulawa takan haihu sau uku cikin shekara biyu, kuma sau da yawa tagwaye. Wato wadda aka kai Shinkafi ran Alhamis, da an bar ta, kafin ruwa ya sauka an sami 'ya'ya a turke. Su ne kuɗin asibiti in yaro ya kwanta da zazzaɓi da damina, su ne kuɗin littafi da rigar makaranta, su ne mafarin kayan ɗakin ɗiyarta. Mace a ƙauye ba ta da banki da ya wuce turkenta. Kuɗin da dillali ya ƙirga mata kuwa, kafin a yi buɗar kai sun bi ruwa, rabi gudummawa, saura anko da ɗinki da kuɗin mota.

Akuya ma ana ganin fitarta. Wanda ba a gani shi ne hatsi. A irin wannan lokaci dillaliya ba ta zama, daga wannan gida sai wancan, kuma ba buhu take ɗauka ba, tiya biyu ne yau, tiya uku gobe. Na kamu, na sa lalle, na ajo, na turmin atamfar da ƙawaye suka fitar. Maigida ma, kada a ce mata kaɗai nake wa faɗa, shi nasa da dami yake fita. Wani ma da kuɗin wake ya shigo hannu, maimakon ya gyara katangar da damina ta rushe, sai ya tuna ashe yana da sha'awar ƙarin aure. Abin baƙin cikin shi ne, a yawancin shekaru babu lokacin da hatsi ya fi araha kamar bayan kaka, babu kuma lokacin da ya fi tsada kamar tsakiyar damina, Yuli da Agusta, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, sabo kuma bai nuna ba. Geron da aka sayar da arha don a yi fitar biki, shi za a koma a saya da tsada, watakila ma a wajen mutumin da ya saye shi ya ɓoye.

Da a zamanin da ne, sai a ce Allah ya kai mu wata kakar. Yanzu fa kowa ya san da yadda hatsin nan ya iso gida. Shekara fiye da goma ke nan 'yan bindiga suna addabar ƙasar Zurmi da Shinkafi da Ƙaura. Akwai gonakin da aka daina zuwa, akwai ƙauyukan da sai an tara kuɗi an biya kafin a bari a yi shuka, a sake biya kafin a bari a girbe. Akwai matan da suka bar rumbunansu suka gudo cikin gari da 'ya'ya a baya. Kun tuna watan Satumba na 2021, da gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako, aka kuma katse layukan waya. Kun tuna farkon 2023, da aka canja takardun naira, mutum da kuɗinsa a banki ya kasa sayen gishiri. A waɗannan lokuta biyu, a iya abin da na gani, gidan da ya kwana da ƙoshi shi ne mai dawa a rumbu da dabba a turke. Damin da aka sha wannan wuya kafin ya shigo gida, a ganina ya fi ƙarfin a musanya shi da zanen da za a ɗaura yini ɗaya.

Ba cewa nake a daina biki ba, ni ma da ankon nawa na je, kuma na yi rawa daidai gwargwado da aka kafa kiɗan ƙwarya. Ba kuma cewa nake kada a ci moriyar kasuwar Kirsimeti ba. A ci mana! Sai dai a san abin da za a kai. Zakaru da zabi da kajin da suka daina ƙwai, wannan ne lokacinsu, domin ba za su ƙara yin kuɗi irin na yanzu ba sai Sallah. Ga wani dalili kuma, da hunturu ne annobar kaji take shigowa, wadda kan share akurki cikin kwana uku, ki wayi gari ki ga suna gyangyaɗi suna zawo, kafin a kawo wuƙa sun mutu. Gara ki rage su da kuɗinsu tun suna tafiya da ƙafafunsu, waɗanda kika bari kuma ki nemi ma'aikacin dabbobi ya yi musu rigakafi. Bunsuru da taure ma a kai su, don haka aka yi kiwonsu. Wata maƙwabciyar gwaggo tun watan Yuni take ware 'yan tsaki da sunan kasuwar Disamba, ta kuma shirya da uwar adashinsu a ba ta kwasa a wannan wata. Da kuɗin zakarunta da na adashi ta fita bukukuwa uku bana, ba ta taɓa ko zangarniya ɗaya ba.

Game da ninkin biki kuwa, iyayenmu da suka ƙago shi sun bar masa ƙofar fita. In abu ya yi nauyi, ƙawaye biyu sukan zauna su yi magana, a daidaita, a koma ƙasa a sake farawa daga abin da kowa zai iya. Ba a ɗauke shi abin kunya ba. Mu ne muka riƙe ninkin muka yar da daidaitawar. Wadda ta fi ƙarfi a cikin biyun ita ya kamata ta fara buɗe baki, domin ƙaramar ba za ta iya ba. In kin san ƙawarki mijinta bai yi noma bana ba, ko gudun hijira suka yi, ki aika mata tun kafin ranar ki ce kin yafe, ƙafarta kawai kike so. Ai an ce zumunta a ƙafa take. Matar da ta zo tun jijjifi ta yi surfe, ta tuƙa tuwo, ta toya alkaki da nakiyar gara, ta tsaya har aka wanke tukwane, wallahi ta fi mini wadda ta aiko da ambulan ta zo bayan la'asar ta zauna a kujera tana jiran a kawo mata.

Ankon nan ma a dube shi. A bikin da na je kala biyu aka fitar, na kamu daban na wuni daban, na kuwa ji ana cewa a Gusau har uku ake yi. Uwar amarya ta fitar da guda ɗaya mai sauƙin kuɗi, ta kuma faɗa da bakinta cewa wadda ba ta samu ba ta zo da abin da ke cikin akwatinta. Magana ce ƙarama, amma gidaje nawa za ta hana dillaliya shiga?

Af, kafin in manta, a kula da yara a gidajen biki. Sanyi ya sa kowane ɗaki da kaskon wuta, tsakar gida kuma ga manyan tukwane a kan murhu da tafasasshen mai, iyaye mata hankalinsu yana wajen baƙi. A gabana wani ɗan rarrafe ya nufi kaskon suya, Allah ya sa wata yarinya ta fizge shi. A ware babbar yarinya ɗaya ko biyu aikinsu ke nan, a kuma fitar da garwashi waje kafin a kwanta. Masu zuwa daga nesa kuma a sallame su da wuri. Yanzu ba a kai amarya wani gari da dare, kuma duk wanda ya ce a jira a gama kiɗa, ba shi zai bi hanyar Moriki da magariba ba.

Ran Kirsimeti da hantsi muna tsakiyar wanke-wanken bayan biki, sai ga sallama. 'Yar maƙwabciyar gwaggo ce, wata ma'aikaciyar jinya mutuniyar kudancin Kaduna da ta shekara fiye da ashirin a unguwar, bana ba ta tafi gida ba saboda aiki. Ta aiko da babbar kula cike da shinkafa dafa-duka da soyayyun kaji, ta ce a gaya wa Mama malamin unguwa ne ya yanka, kamar kullum. Gwaggo ta sa albarka, ta raba wa jikoki, ta sa aka wanke kular tas. Kwano ba ya komawa haka nan, sai ta zuba ƙuli-ƙuli da soyayyar gyaɗa da ragowar alkakin biki. Na tsokane ta na ce, "Gwaggo, ba za ki ninka ba?" Ta harare ni ta ce, "Shekara ashirin muna yi da ita, da layya in aika mata cinya, da Kirsimeti ta aiko mini shinkafa, ba wadda ta taɓa ƙirga na wata. Ku ne 'yan boko masu littafi."

Washegari mutanen Badarawa suka yi shirin komawa, direba yana ta matsa hon tun ƙarfe tara don a bi ayarin safe. Matar ƙanena ta shiga sallama, sai gwaggo ta kama hannunta ta ja ta bayan ɗaki inda turkenta yake. Ta nuna wata 'yar burguma ja, wadda ba ta taɓa haihuwa ba, ta ce, "Kiwo na ba ki, ba kyauta ba. Haihuwar fari taki, ta biyu tawa. In na ji an gan ta a Shinkafi ran Alhamis, ni da ke ne." Yarinya ta durƙusa tana hawaye tana godiya, gwaggo ta ce ta tashi kada mota ta bar ta. Aka ɗaure ƙafafun 'yar akuya, aka sa ta a bayan mota tsakanin buhun gara da kwallayen da aka aro, tana ta kuka har suka sha kwana.